Awa bakwai tsakaninmu da Auta

Lahadi, Lugbe.

Mun raka Auta filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja da hantsi, zai tafi China, mota cike, ana ta raha. Yaya sai tsokanarsa yake, wai kada ya dawo mana yana cin tuwo da tsinke.

A hanyar dawowa ne Umma ta karɓi takardar tikitin, ta gyara zaman tabarau.

"Ke, ba 1:30 na rana aka ce zai tashi ba? Ga shi sai gobe 4 na yamma zai sauka Guangzhou. Kwana guda har da ɗoriya yaron nan yana sama?"

Na ce a'a Umma, agogon China ya riga namu da awa 7, sai an cire su. Na lissafa mata dalla-dalla: daga nan zuwa Addis Ababa kusan kilomita 3,500 ne, awa 4 da rabi zuwa 5. Zai zauna jira a filin jirgin Bole har tsakar dare, sannan ya hau babban jirgi, wajen kilomita 8,000 zuwa filin Baiyun na Guangzhou, awa 10 da wani abu. Gaba ɗaya bai cika awa 20 ba.

Yaya ya ce ai zango na farkon ma bai fi zuwa Jos a mota ba. Aka yi dariya. Umma ba ta yi ba.

"Wannan awa bakwan, a jirgi kaɗai take, ko har ya sauka?"

"Har ya sauka, Umma. Kullum."

"To in na idar da magariba, shi ƙarfe nawa ne a wajensa?"

"Wajen ɗaya da rabi na dare."

Ta ninke takardar, ba ta ƙara magana ba har muka shigo layinmu. Kun dai san Umma da Auta. Ko Kubwa ya kwana, bayan magariba sai ta kira ta ji ya ci abinci. Duk lissafin da na yi ta zuba mata, kilomita sama da 11,000 bai girgiza ta ba, ita da kakanta ya je Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru kafin ya dawo. Wannan kiran ne damuwarta, kuma tun da aka fara maganar tafiyar nan babu wanda ya tuna da shi a cikinmu. Abin ya tsaya min a rai har yanzu.

Girkin dare ban yi ba, ɗumame muka ci. Wuta ta ɗauke tun la'asar.

Bayan isha'i ta leƙo ɗakina ta ce in saita mata agogon can a wayarta, kusa da namu. Na saita. Ta ce daga jibi za ta riƙa kiransa bayan asuba, lokacin rana ta take a wajensu, in bai ɗauka ba kuma ni zan nemo mata shi.