Shiryayyen samfuri ko firemwok: wa zai riƙe shafin bayan ka miƙa shi?

Duk wanda ya kawo mini aikin gina shafin intanet, kafin mu shiga maganar launi da hotuna, nakan tambaye shi wa zai riƙa taɓa shafin idan na gama. Amsarsa ce ke raba mini gardama tsakanin sayen shiryayyen samfuri, wato fuskar shafi da aka riga aka tsara, da yin gini daga tushe a kan firemwok, wato tarin kayan gini na lambobin umarni da mai gina shafi ke harhaɗawa da kansa.

Da samfurin WordPress, manhajar gina shafukan intanet, na fara, kamar yawancinmu masu gina shafi. Tun da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da manhajar a 2003 take yaɗuwa, har ya zama sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Shi ya sa samfura suka cika kasuwanni irin su ThemeForest. Ka saya, ka ɗora, ka shigo da bayanan gwaji, kafin yamma shafi ya tsaya da ƙafafunsa. Ɗinkakkiyar riga ce, in ta yi maka daidai ka huta.

Tsiyar ba ta fitowa sai ranar da za a sauya samfurin. Wata cibiyar koyar da sana'o'i ta kira ni in canza mata fuskar shafi, wanda aka gina da irin samfuran nan masu cewa komai suna yi. Ina kunna sabon samfuri sai rubutun ya watse. Kowane sakin layi ya fito a naɗe cikin gajerun lambobin umarni da tsohon samfurin kaɗai ke iya karantawa. Jerin kwasa-kwasan kuwa ya ɓace ƙurmus daga allon gudanarwa. Yana nan a rumbun bayanai, babu abin da ya goge, amma samfurin ne ya yi wa irin wannan bayani rajista, da ya tafi sai ya tafi da ƙofar shiga. Da hannu na kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan, duk abin da ya shafi bayanan mai shafi a fulogin nake ajiye shi, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress daban da samfuri, shi samfuri aikinsa ado kawai. Gyara kuma a ɗan samfuri nake yi, wato ƙaramin samfurin da ke gadon tsarin uwarsa, domin sabuntawa tana shafe duk abin da aka taɓa a uwar.

Ga kuma nauyi. Irin wannan samfuri yakan loda hotuna masu zamewa da salon haruffa barkatai a kowane shafi, ko ana bukata ko ba a yi. Google na son babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, a waya kuwa da wuya irin waɗannan shafukan su cimma hakan sai an yi musu aski.

Firemwok ya ba ni abin da na rasa a can. Bootstrap, wanda Mark Otto da Jacob Thornton suka fitar daga Twitter a 2011, yana raba faɗin shafi gida 12, ka tsara yadda ranka ke so. Tailwind na Adam Wathan, da ya fito a 2017, abin da ka yi amfani da shi kaɗai yake fitarwa, sai shafin ya zama sakayau. Sai dai duk ɗawainiyar ta dawo kanka. Lokacin da Bootstrap 5 ya fito a 2021 ya yar da jQuery, tarin lambobin umarnin da yake dogara da shi a da, sunayen umarni kuma suka sauya: ml-3 ya koma ms-3, data-toggle ya koma data-bs-toggle, kuma ni ne mai bin fayil-fayil ina gyarawa. Mai shafin da ba ya da ma'aikacin kwamfuta, ko lambar waya yake son canzawa sai ya neme ni. Wasu na ganin wannan hanyar samu ce, ni dai takura nake gani.

Yanzu na fi zama a tsakiya. Daga WordPress 5.9 na 2022 ana iya gina ƙaramin samfuri na tubala, wanda ake harhaɗa shafi a cikinsa sashe-sashe, a kulle launuka da haruffa a fayil ɗin theme.json, mai shafi ya rubuta abinsa ba tare da ya rushe tsari ba. Firemwok zalla sai inda akwai mai kula da lambobin umarnin shafin, ko shafin yana wani aiki na musamman.

Idan kuma dole sai an sayi samfuri, ina gwada shi a kwafin shafi: in zuba rubutu na gaske, in koma samfurin asali na WordPress, in duba abin da ya saura. In rubutun ya fito tsaf ana karantawa, sai a biya kuɗi.