Talata a Shagon Zane: Kwalbar Shito, Banar Walima da Haruffa Masu Lanƙwasa

Ruwan da aka kwana ana yi ya bar iskar Nima, unguwarmu a birnin Akra, da laima, sai na tarar da takardun da yaro ya bari a buɗe jiya sun nannaɗe gefe kamar ganyen ayaba a rana. Takarda tana shan danshi, idan kuma ta sha, firinta za ta riƙa jan biyu a haɗe ko ta cije ta a ciki. Kafin a kunna komai na sa ya mayar da su cikin ledarsu, ya kwantar da su a kan katako nesa da bango, ya ɗora nauyi. A damina wannan ne aikin farko. Da hunturu kuma matsalar takan juya, takarda ta bushe ta riƙa mannewa da 'yar'uwarta, ƙura ta shiga ko'ina.

Aiki uku ke kan tebur yau, amma wanda ya ci ranar shi ne na wata Hajiya daga unguwar Mamobi mai yin shito, wato soyayyen yajin Gana mai mai. Shekaru tana sayarwa a kwalba ba rubutu, yanzu wani babban kanti ya ce zai karɓa idan ta yi lebul na gaske. Ta iso ƙarfe tara da kwalba biyu a jaka, ɗaya cike ɗaya fanko, kamar yadda na roƙe ta tun a waya.

"Ɗana, ni dai ja nake so, ja sosai, a san akwai barkono," in ji ta.

Na ce, "To Hajiya, bari mu fara da awo, launi zai zo daga baya."

Ba a zana lebul a kan ƙiyasi. Faɗin bakin gindin kwalbar santimita 7 ne, idan aka ninka da 3.14 kewayenta ya kama santimita 22. Na sake tabbatarwa da zirin takarda, don wasu kwalabe suna da ɗan ciki a tsakiya. Wurin da jikinta ya miƙe sosai, tsakanin kafaɗa da gindi, santimita 6 ne. Duk lebul ɗin da ya hau kan lanƙwasar kafaɗa zai yi tamoji, iska ta shiga ƙarƙashi, ya fara ɓarewa daga nan. Saboda haka na tsayar da 21 a tsawo, 5.5 a tsayi. Santimita ɗayan da ya rage a baya taga ce, mai saye ya leƙa ya ga shiton da idonsa. Sannan na ƙara rarar milimita 3 a kowane gefe, wadda masu bugu ke kira bilid, wato a bar launin bango ya zarce layin yanka don kada farin bakin takarda ya bayyana idan wuƙa ta ɗan kauce. Da rarar, kowane ɗaya ya zama 21.6 da 6.1. A kan takardar SRA3, mai santimita 32 da 45, biyu na shiga a tsawo, biyar a faɗi, goma ke nan a kowace. Ɗari biyar da take so takarda 50 ce, na rubuta 53 saboda waɗanda za su lalace wajen saiti.

Maganar ja kuwa sai da na ɗora kwalbar cike a kan jar takarda, na sake ɗora ta a kan mai ruwan madara, na bar ta ta duba da kanta. Shito baƙi-baƙi ne mai duhun ja. Idan aka naɗe shi da lebul ja mai duhu, daga taku uku kwalba da lebul sun zama abu guda, ba abin da ido zai kama. A kan mai haske kuwa sunan ya fito, duhun shiton ya zama kamar firam a sama da ƙasa. Ta yi shiru, ta ce a bar mata jan a sunan da hoton barkonon. Haka aka yi.

Jan da ake gani a allon kwamfuta haske ne, na RGB. Wanda zai hau takarda tawada ce guda huɗu, CMYK, wato shuɗi (C), ja-ja (M), rawaya (Y) da baƙi (K), kuma ba ta iya kai wannan ƙyallin. Wanda ya zana a RGB ya kai wurin bugu, jansa zai dawo kamar tumatir ɗin da ya kwana. Tun buɗe fayil a manhajar zane ta CorelDRAW nake sa shi a CMYK. Jan barkonon na haɗa shi M100 da Y100, wato kowace tawada kashi ɗari, na ɗiga K10 don ya yi nauyi. Ƙananan rubutu duka K100 kaɗai, ba gauraye, domin idan aka tara tawada huɗu a kan siririn harafi, injin ya goce ko da gashin kai ne, sai harafin ya yi inuwa mai launi a gefe. Baƙi mai gauraye, kamar C40 M30 Y30 K100, na babban fili ne. Jimillar tawada kuma kada ta haura kashi 300, in ba haka ba ba ta bushewa da wuri, ta shafi bayan takardar da ke samanta.

Bayan lebul ɗin ba wurin ado ba ne, wurin doka ne. Ƙa'idar lebul ta Gana, L.I. 1541 ta 1992, da hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, suna neman sunan kaya, abubuwan da aka haɗa, nauyi, lambar rukunin da aka dafa, ranar yi da ranar ƙarewa, suna da adireshin mai yi, da ƙasar da aka yi shi, kuma da Turanci. Kifi da jatan lande da ke cikin shito dole su fito ɓaro-ɓaro, don akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka. Ranaku da lambar rukuni ban buga su ba, na bar farin akwati da za ta riƙa buga hatimi ko manna ƙaramar sitika, tunda lebul ɗari biyar zai ratsa girki da yawa. Lambar sikana da kantin ya nema ta samo ta daga GS1, ƙungiyar da ke ba da irin waɗannan lambobi, kuma lambobin da ake bayarwa a Gana da 603 suke farawa. Asalin girman irin wannan lamba ya kai kusan milimita 37 da 26, ba a rage ta ƙasa da kashi 80 cikin ɗari. Baƙar tawada a kan fari, da sarari hagu da dama. Kada a kuskura a yi ta da ja don ta dace da zane, na'urar da jan haske take karatu, ja a wurinta fari ne. A kwalba siririya irin wannan na juya ta, layukan suka kwanta kamar matakalar tsani, don lanƙwasar gilashi kada ta ɓoye gefenta.

Abin da ya fi daɗe mini a rai shi ne adon gefe. Kusan duk kayan gida da aka yi wa lebul a garin nan, zirin kente, saƙin gargajiya na Gana, ne a sama da ƙasa, an sauko da shi daga intanet. Kente abin alfahari ne, amma yana da masu shi da sunayensa da ma'anarsa, haka ma alamomin gargajiya na adinkra. Ba na son a liƙa Gye Nyame, alamar adinkra mai nuna ikon Allah, a jikin kwalba don kawai wuri ya cika. Matar nan 'yar Zango ce, girkin Zango take sayarwa, kuma muna da namu zanen da ba mu cika waiwaya ba: aska takwas da tambarin da ke ƙirjin babbar riga, ɗinkin hula, dagi, zanen ƙwarya, har layukan rigar batakari ta arewacin Gana. Na ɗauki hoton askar da ke jikin wata tsohuwar riga, na sake zana ta da hannu layi-layi, na rage ta zuwa tsini uku masu maimaituwa, na jera a ƙasan lebul da tsayin milimita 6. A wannan ƙanƙanta duk wani ƙaramin saƙa cushewa yake yi, sai an zubar da fiye da rabi kafin abin ya yi kyau. Wanda ya san riga zai gane, wanda bai sani ba zai ga tsari mai tsabta, kuma ba zai rikita kwalbarta da ta kowa ba.

Na fitar da gwaji a farar takarda, na yanka, na naɗa da salatif, muka tsallaka shagon kayan masarufi da ke gabanmu. Mai shagon ya yarda na ajiye kwalbar tsakanin gwangwanayen tumatir da sardin. Daga bakin ƙofa sunan yana karantuwa, amma kalmar da ke nuna mai zafi ne ta ɓace gaba ɗaya. A allo ta yi daidai, a kan kanta, cikin duhun shago da hayaniyar launuka, ba ta nan. Na dawo na ƙara mata girma, na sa ta cikin jan da'ira kusa da murfi.

Gwaji na ƙarshe na mai ne. Na ɗiga man shiton a kan sitikar takarda da kuma ta roba mai lemineshan. Kafin a kira azahar ta takardar ta yi tabo mai duhu har ana ganin gam ta baya, ta robar kuwa na goge da tsumma ta koma yadda take. Ta robar ta fi tsada, na faɗa wa Hajiya gaskiya, ta zaɓe ta. Ta sa hannu a kan gwajin, ta turo rabin kuɗi ta MoMo, wato ta waya. Ba na kai aiki wurin bugu sai da waɗannan biyun.

Bayan azahar wuta ta ɗauke na kusan awa ɗaya. UPS, na'urar ajiyar wuta, ta riƙe har aka adana fayiloli aka kashe kwamfutoci.

Aiki na biyu banar walimar saukar Alƙur'ani ce ta wata makarantar Islamiyya, ƙafa 8 da 4. Hoton ɗaliban da aka turo ta WhatsApp ya iso da fiksel 1280 a dogon gefensa. A bugun da ake riƙewa a hannu, inda ake son ɗigo 300 a kowane inci, wannan bai kai santimita 11 ba. A jikin banar za a ja shi ya kai ƙafa uku, wato ɗigo 35 a inci, fuskoki su narke. Na kira Malam.

"Allah gafarta Malam, a sake turo hoton, amma a matsayin fayil, ta inda ake tura takardu."

Na asalin ya zo da fiksel 4000, wanda ya ba da sama da ɗigo 100 a inci. Ga abin da za a kalla daga tsallaken titi, ya isa. Na janye rubutu inci uku daga kowane gefe saboda naɗin baki da zoben ɗauri da za a buga duk bayan ƙafa biyu. Wuri da rana da lokaci na ba su manyan haruffa, bisa lissafin da muka saba, inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisan mai karatu. Larabcin na rubuta shi da salon rubutu na Amiri, na fitar a takarda don Malam ya duba wasali da ɗigo da idonsa, saboda wasu manhajojin sukan wargaza haruffan Larabci ko su juya su daga hagu, wanda bai iya karatu ba kuma ba zai lura ba. Ya so a sa aya a takardun gayyata da za a raba a kan hanya. Na roƙe shi a bar ta a kan shahadar ɗalibai, wadda za a rataye a ɗaki, domin takardar rabo ƙarshenta ƙasa ce ko kwata, ko a ƙunshe gyaɗa da ita. Ya ce wannan gaskiya ne.

Da la'asar na hau tasi zuwa New Town, wadda tsofaffinmu har yau ke kira Legos Tawun, inda injinan bugu da masu sayar da takarda suke jere layi bayan layi. Katin ɗaurin aure ne na je dubawa kafin a buga, kuma Allah ya sa na je. A gwajin da suka fitar, duk inda ƙ da ɗ suke akwati ne fanko ya fito. Yaro ya tura fayil bai mayar da rubutu zane ba, kwamfutarsu kuma ba ta da salon rubutun da muka yi amfani da shi, sai ta musanya da wanda bai san haruffanmu ba. Mai injin ya ce a sa k da d kawai a wuce. Ban yarda ba. "Manyan baƙi" da "manyan baki" ba magana ɗaya ba ce, kuma katin nan hannun dattawa zai shiga. Irin wannan ciwon maƙwabtanmu ma suna fama da shi, masu Tuwi da ɛ da ɔ, masu Ewe da ɖ da ƒ, Dagomba da ɣ da ŋ. Maganin ba wuya. Tun farko a zaɓi salon da ke da haruffan, irin Noto Sans, Charis SIL ko Andika. Idan an gama gyara, a ajiye kwafi ɗaya mai rubutu, a ɗayan a zaɓi komai a danna Ctrl da Q ya koma zane, sannan a fitar da PDF a buɗe shi a wata na'ura dabam a karanta daga farko har ƙarshe.

Na kira shago aka sake turowa. A nan kuma na lura da siririn layin zinariya da ya kewaye katin, milimita 2 kacal daga baki. Injin yanka yana sarar tarin kati ne a lokaci guda, kaucewar milimita ɗaya ba abin mamaki ba ce, amma a kusa da layi irin wannan ido zai gan ta nan take, gefe ɗaya ya yi kauri ɗaya ya yi siriri. Na shigar da layin ciki zuwa milimita 6. Aka buga a kati mai nauyin giram 300, na ce a bar shi ya kwana ya bushe kafin a yanka, tunda laimar yau ba ta barin tawada ta kama da wuri.

Da na dawo bayan magariba na zaunar da yaro a gaban kwamfuta, na ba shi fayil ɗin katin ya shirya shi don bugu sau uku daga farko, ina kallo. A na ukun bai manta komai ba. Gobe da safe zai bi ni New Town da fayil ɗin Hajiya, kwalbar fanko kuma tana cikin jakata, don sitika ta farko da za ta fito daga inji a jikinta za a gwada kafin a saki sauran takardu 52.