Ihun Tsakar Dare a Harvard

Yau da sha biyun dare ina fitowa daga laburare sai na ji ihu da kiɗan badujala a Harvard Yard, filin da ke tsakiyar jami'ar Harvard ta Amurka. Na ɗauka wani abu ne ya faru, ashe Primal Scream ce, al'adar da ɗalibai ke yi a daren jajiberin jarrabawa, a Disamba da kuma Mayu. Su tuɓe tik, su zagaye filin da gudu. A wannan sanyin, ni da ke cikin riga uku ma rawar ɗari nake! Na sunkuyar da kai ina a'uzubillahi, ƙafafu kawai nake gani suna wucewa, wani har da silifas.

Gefena wani yaro ne tsaye rungume da tulin rigunan abokansa, a hannunsa ɗaya kuma 'yar takardar bita, leɓunansa na motsi, ko ɗago kai bai yi ba. Shi ya tsaya min a rai. Ya tuna min lokacin da muke tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi don kada barci ya kwashe mu. Fargabar jarrabawar nan na santa sarai, tuɓewar ce har na kwanta ban gane ba.