Kuɓewa ta fi ƙarfin tukunya

Ruwa ya fara ja da baya a nan Zariya. Tun da Satumba ta raba, sai a yi kwanaki ba a ga hadari ba, ga zafin kaka mai hana barcin rana. Makarantu sun koma, ni ma na koma aji, don haka lambun bayan gida sai bayan la'asar nake leƙa shi.

Kuɓewa ce ta fi ƙarfinmu bana. A bar ta kwana biyu ba a tsinka ba, ta ƙosa, wuƙa ma ba ta shigarta. Iya, surukata, ita ta karɓi aikin: tana zaune a tabarma tana yanka ta ƙanana, ta baza a faifai, a ɗora kan rufin madafa. "Ke 'yar nan, kar ki bari ta kwana a waje, raɓa za ta baƙanta ta." Kullum sai ta faɗa, kuma da gaskiyarta. In ta bushe mu daka, miyar rani ta samu.

Yakuwa ta fara fure, zoɓo sai wajen Nuwamba. Zogale kuwa, awakin maƙwabta sun cinye duk inda bakinsu ya kai.

Baban yara ya dage sai mun yi tumatir da salak da sanyin hunturu. Na ce masa rijiyarmu tana ja tun Fabrairu, ruwan 'yan garuwa kuma ba araha ba. Jiya ya dawo daga aiki da iri a ƙunshe, ya sa yara cika tsofaffin buhunan siminti da ƙasa da kashin kaji.