Hawan Kolorado da Injin da Ya Nemi Ƙarin Taimin

Daga Kansas City muka kama babbar hanyar I-70 muka miƙe yamma, motar tsere ɗaure a tirela a bayanmu. A ido ƙasar Kansas shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki iyakar ganinka, amma hawa kake yi sannu a hankali. Kafin ka cinye mil kusan 600 zuwa Denver, ka tashi daga ƙasa da mita 300 ka haura mita 1,600. Dattijon bakaniken da muke tare tun a hanya yake nanata cewa taimin ɗin da muka taho da shi, wato saitin lokacin da filogi ke ba da wuta, ba zai kai mu ba.

Filin tseren Bandimere yana Morrison, yamma da Denver, manne da jikin dutse a tsayin ƙafa kusan 5,800. Mun same shi kafin a rufe shi a 2023. Numfashina ma sai da ya gaya mini inda nake, balle injin da iska ce abincinsa. A irin wannan tudu iska ba ta da kauri, silinda ba ta cika sosai, gaurayen fetur da iska kuma yana ci a hankali. Dole wutar filogi ta zo da wuri, don ƙarfin konewar ya tarar da fistin daidai lokacin da ya ɗan wuce ƙololuwa yana gangarowa. In ta makara, ƙarfin ya bi salansa ya fice. In ta yi gaggawa, sai ta daki fistin yana kan hawa.

Injinmu V8 ne na Chevrolet, samfurin da ake kira ƙaramin bulo, taimin ɗinsa a kan digiri 34 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Dattijo ya sassauta notin distibita, mai rarraba wuta ga filogi, ya ce in taka totur injin ya wuce juyi 3,000 a minti. Ya haska fitilar taimin a kan fulin gaba, sai ga layin farin fenti ya tsaya cak a cikin walƙiya alhali injin na ruri. Ya murɗa distibita saɓanin juyin rota, ɗan kaɗan, da ƙyar ido zai gani. Layin ya matsa zuwa 36, Dattijo ya ɗaure notin.

Abin da ya burge ni shi ne haƙurinsa. Digiri biyu kawai, kuma bai taɓa kabireta ba. Da direba ya gama mita 402 na tseren, can ƙarshen fili ya kashe injin, muka jawo motar don kada filogi ya ɓata shaidarsa. "Ɗana, bar duba daƙiƙoƙi," in ji shi, yana nuna takardar sakamako. "Taya na iya zamewa ta cinye maka lokaci. Dubi gudun da ta fita da shi." Gudun ya ƙaru.

Ya kwance filogi ya ɗora masa gilashin ƙara girma. A kan lanƙwasasshen ƙarfen nan na baki akwai inda launi ya sauya saboda zafi, kuma ya sauka daidai kan gwiwar. Farin tangaran ɗin tas yake, babu ɗigon baƙi ko ƙyallin alminiyam da ke nuna fistin ya fara cin duka.

Mun gwada 38, gudun bai motsa ba, alamar zafi kuwa ta gangara wajen zaren filogi. Bai yi wata-wata ba ya mayar da shi 36, ya rubuta a littafinsa tare da zafin iskar lokacin, sannan ya ce in miƙo masa akwatin jet, ƙananan bututun da ke auna fetur a kabireta, yanzu kabireta ce ta rage.