Jinin Baba da ya ƙi tsayawa

Har yanzu in na wuce ta gaban kemis ɗin layinmu sai na ji raina ya ɓaci. Kusan shekara guda muna fama da ƙarancin jinin Baba, a auna PCV, wato awon yawan jini, a ga 24, alhali na lafiyayyen namiji yakan kai 40, a ƙara masa ledar jini ya ɗan hau, kafin ka ankara ya sake zubewa. Ba abin da ba a ɗura masa ba, bulod tonik, hanta, maltina da madara, zogale da ugu kuwa masu ganye a kasuwar Faringada ta Jos har sun gane ni. 'Yan uwa kowa da nasa, wannan ya ce tsufa ne, wancan ya ce sammu.

Sai da muka faɗa hannun wata likita ta ce a kwaso mata duk abin da yake haɗiya, har wanda ba asibiti ya rubuta ba. Na juye mata leda a tebur, ta ware metformin ɗinsa na suga gefe, ta ɗago wani ƙullin takarda mai ƙwayoyi kala-kala ba suna ba komai.

"Baba, wannan fa?"

"Ai 'yata wannan ba magani ba ne, na gwiwa ne kawai."

Haɗin kemis ne, diclofenac da ibuprofen da piroxicam a ƙulli ɗaya, kullum da asuba kafin ya karya, don sanyin Jos in ya kama masa gwiwa ko ruku'u ba ya iyawa. Su uku aikinsu ɗaya, kuma duk suna cin bangon ciki. Da aka zura masa kyamara ta baki sai ga gyambo yana tsattsafar da jini, ashe ruwa muke ta zubawa a randa mai yoyo. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ko sau ɗaya bai ce cikinsa na ciwo ba, likitar ta ce a tsofaffi hakan ba baƙon abu ba ne, maganin da ya yi gyambon yana iya danne zafinsa. Bayan gidansa ya daɗe da yin baƙi, amma ƙwayar ayon ta ƙarin jini ma tana baƙanta shi, sai kowa ya ɗora a kanta.

Ba ta tsaya nan ba, ta sa an duba ƙoda, don ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi jini, in ta gaza jini ba ya hawa. An auna bitamin B12 saboda daɗewa a kan metformin na rage shi, an leƙa hanji kuma saboda cutar kansa. Alhamdulillahi duk lafiya. Ta kuma hana shi shayi a kan abinci, yana tare ayon.

In naku tsohon jininsa na hawa yana sauka, ku matsa a faɗa muku ta ina yake fita, kuma ku bincika aljihun rigarsa da ƙarƙashin filo, don ba zai lissafa na gwiwa a cikin magani ba. Yaron kemis ɗin da na je na same shi cewa ya yi wai kowa ma shi yake sha. Naira nawa ne ƙullin, mu kuma nawa muka kashe a ledar jini? Yanzu Baba na kan parasitamol da man shafawa, PCV ya haura 35, amma kullum sai ya yi mita wai na da ya fi ji.