Agogon da ya auna jinin doya

Asabar da dare, unguwar Nima, Accra.

Tun ranar Alhamis Yaya ya turo kuɗin ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, sidi 500 cif, ya kuma biyo da saƙon murya daga Kumasi yana nanata cewa na na'urar awon jinin Mma ne, irin wadda ake ɗaurawa a dantse, kamar yadda ma'aikaciyar jinya ta ba mu shawara a zuwanmu asibiti na ƙarshe. Na ce masa to, in Allah ya kai mu Asabar. Yau da aka idar da azahar na bar wa yaran shago kaftani biyu su ƙarasa aikin wuya, na hau trotro, motar haya, zuwa Sakul, inda masu waya suke, da niyyar in fara sauya gilashin wayata da ya tsage, daga nan in wuce kantin magani. Gilashin dai an sauya shi, amma ƙafata ba ta taka kantin maganin ba.

Mai gyaran ya ce in ba shi minti arba'in, kuma duk wanda ya san layin masu waya ya san ba wurin da mutum zai yi tsayuwar banza da kuɗi a jiki ba ne, domin masu tebur sun ƙware wajen gane wanda idonsa ya daɗe a kan kaya. Nawa idon ya daɗe a kan agogunan zamani da wani saurayi ya jera bisa jan ƙyalle. Kafin in kau da kai ya riga ya kama hannuna yana kirana Alhaji, ni da ban taɓa taka Makka ba, ya ɗaura mini ɗaya ya shafa fuskarsa da yatsa. Nan take wani koren haske ya fara ƙyaftawa a kan fatata, agogon ya ce zuciyata tana bugawa sau 82 a minti, jinina 120 bisa 80, har da na suga ya kawo wani adadi. Saurayin ya ce yana ƙirga taku, yana lura da barci, yana nuna wanda ya kira ka ba sai ka ciro waya a cikin cunkoso ba. Ya sa suna sidi 400, na taya 200, muka yi ta ja har muka tsaya a 280.

Hujjar da na kafa wa kaina a wurin ita ce ga abin awon jini nan a hannu, ya fi na kanti araha, har ma da canji, saboda haka ban taɓa amanar Yaya ba. Sai dai da saurayin ya tambaye ni wane madauri nake so, baƙi mai faɗi na zaɓa, wanda zai dace da shaddata ta Juma'a, alhali akwai siriri ruwan hoda a gefe wanda shi ne daidai tsintsiyar hannun tsohuwa. Wannan zaɓin ya ishe ni shaida a kan wanda na saya wa. Da takardun kuɗi zan ƙirga ɗaya bayan ɗaya, ina jin da hannuna ya yi sanyi kafin in kai ɗari biyu, amma MoMo lamba huɗu ce ka danna shi ke nan, kuma tun da aka soke harajin E-Levy na tura kuɗi ta waya a watan Afrilun 2025 ko ɗan tsinken da yake sa mutum ya sake tunani babu.

A hanyar dawowa ina cike da nishaɗi kamar yaron da aka yi wa ɗinkin sallah. Ina zaune a kujerar baya, gwiwata a matse, amma kafin mu iso Nima agogon ya rubuta mini taku 640, ashe duk ramin da motar ta faɗa lada ne a wurinsa. Na gani, na yi murmushi, na ƙi yin tunani a kai.

Na tarar da Mma a tsakar gida bisa tabarma tana tsinkar ayoyo, maman yara kuma tana kan tuƙin tuwo. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa hannu yadda hasken zai kama idonta.

Ta ce, "Mai sunan Baba, wannan fa? Ina abin da aka ce ana hura wa iska?"

Na ce, "Mma, ai zamani ya wuce nan. Wannan yana yin aikin wancan, har ya ƙara da wasu."

"Nawa ka saye shi?"

Da na faɗa sai ta ajiye ganyen ta dube ni. Mma ba ta taɓa yarda da sabon lissafi ba tun da aka canza kuɗi a 2007, aka mai da tsohuwar sidi dubu goma ta zama sidi ɗaya, saboda haka kowane farashi sai ta mayar da shi tsohon kuɗi kafin ya shiga kanta. Ta ƙirga da leɓe, sannan ta ce, "Miliyan biyu da dubu ɗari takwas, a kan agogo? Shekara talatin ina sayar da koko da ƙosai a bakin titin nan, ina tashi kafin kiran assalatu, ina zuwa kasuwa in dawo da buhun gero a ka, ban taɓa jin an ce sai an ƙirga mini taku ba."

Duk da haka ta miƙo hannu, domin Mma akwai son ganin sabon abu. Na ɗaura mata, madaurin ya yi mata yawa har sai da na kai ramin ƙarshe, hasken ya ƙyafta, agogon ya ce 118 bisa 78. Na karanta mata da ƙarfi ina jin kaina. Fuskarta ta washe, ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta ce ashe jinin ya sauka, ashe addu'ar da ake yi ta karɓu, sannan ta ƙara maganar da har yanzu take yi mini amsa-kuwwa a kunne: "To ai sai in huta da ƙwayoyin nan, dama sun ishe ni da fitsarin dare."

Ban san abin da zan ce ba, domin makonni uku da suka wuce a gabana aka auna ta a asibiti aka sami 168 bisa 96, kuma ko ni tela na san daga 140 bisa 90 ake kiran abu hawan jini. Allah ya taimake ni Auta ta shigo a daidai lokacin, da jakarta ta makarantar jinya a kafaɗa. Ta saurari labarin ba ta ce uffan ba, ta kwance agogon daga hannun Mma, ta shiga madafa ta fito da doya guda, ta ɗaura mata shi kamar mai ɗaura wa amarya awarwaro. Muka zuba ido. Hasken ya ƙyafta, agogon ya yi ɗan nazarinsa, ya ce zuciyar doya tana bugawa sau 76 a minti, jininta kuma 121 bisa 79. Maman yara ta yi dariya har ta saki muciya, yara suka ɗauko buredi da ƙafar kujera, kowanne aka auna shi aka same shi cikin ƙoshin lafiya. Ni ma na yi dariyar, irin wadda ta fi kuka ciwo.

Da aka lafa, Auta ta yi mini bayani cikin ladabi, wanda ya fi faɗa zafi. Ta ce, "Yaya, koren hasken nan a agogo na gaskiya yana da aiki. Jini yana shanye koren haske, to duk lokacin da zuciya ta buga jini ya ƙaru a jijiya, hasken da yake dawowa sai ya ragu, da haka ake ƙirga bugun. Amma ƙirga bugu daban, auna ƙarfin jini daban. Na dantse sai ya matse jijiya ya sake ta a hankali kafin ya ba da adadi, shi ya sa a asibiti har gobe da shi muke aiki. Naka kuwa ko bugun ba ya ƙirgawa, fitila ce kawai da lambobin da aka zuba masa." Game da suga ta ce a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da duk wani agogo ko zobe da aka ce yana auna suga ba tare da an huda fata ba. Ta juya wurin Mma ta sa ta yi alkawarin ba za ta tsallake ƙwaya ko ɗaya ba, ta kuma tsaya a kanta har ta haɗiye ta yamma.

Mma ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ci gaba da tsinkar ganyenta, can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Jiya yayanku ya kira yana tambaya ko an sayo, na ce masa gobe." Bayan magariba, ina shirin shiga ɗaki, ta kira ni gefe ta kwance haɓar zanenta, ta ciro takardun sidi ashirin-ashirin guda biyar da suka sha naɗi har suka yi laushi, ta ce in haɗa da abin da ya rage in cika. Na rantse ba zan karɓa ba. Ta ce ba tambayata take yi ba, ta cusa mini a aljihun riga, ta ce kuma kada in kuskura in gaya wa Yaya, domin ba ta son 'ya'yanta su sami saɓani a kan agogo. Na san kuɗin nan, na adashinta ne na ranar Talata.

Tuwon ya yi daɗi, amma loma uku na iya yi.

Da na shiga ɗaki na buɗe durowar ƙasa don in jefa agogon, sai na tarar da 'yan'uwansa suna jiransa. Ga tasbahar lantarki ta yatsa da na saya da azumin bara, wadda batirinta ya mutu kafin daren ashirin da bakwai na koma wa carbina na da. Ga fitilar zobe da na ce zan riƙa ɗaukar hoton ɗinki da ita ina sawa a Facebook, sau biyu na kunna ta. Ga 'yar fanka ta wuya, ga abin sauraro na kunne da ɗaya ya ɓata a trotro tun makon farko. Kowannensu na tuna ranar da na saye shi, kuma kowace ranar akwai hujja mai kyau da na kawo, ba kuwa wanda na fita gida da niyyar sayensa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma waɗancan duka da kuɗina na yi wautar, ban taɓa kai hannu ga na maganin uwata ba sai yau.

Barci ya ƙi zuwa, na ɗauki waya ina binciken inda aka samo taku dubu goman da agogon ya ɗora mini a matsayin farilla. Ashe daga talla ta fito. A 1965, shekara guda bayan gasar Olamfik ta Tokyo, wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fitar da na'urar ƙirga taku ya raɗa mata suna manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma, adadin ya bi duniya daga nan. Wani bincike da masana na jami'ar Harvard suka wallafa a 2019 a kan tsofaffin mata ya nuna cewa masu yin taku wajen 4,400 a rana ma sun fi masu yin 2,700 tsawon rai, kuma amfanin yana daidaita ne a wajen 7,500. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa da mintoci take lissafi, aƙalla 150 na motsa jiki a mako. Na lissafa zuwa masallaci sau biyar da tafiya shago da dawowa, na ga kusan na cika su tun kafin in san akwai agogon.

Saurayin ba rasit ya ba ni ba, kuma na san ko na koma Litinin zai ce bai taɓa ganina ba, in ma na same shi a inda na bar shi. Abin da ya rage a MoMo sidi 220 ne. Akwai mai kaftani ɗaya da ya yi alkawarin biyan cikon kuɗinsa gobe bayan la'asar, idan ya cika alkawari zan sayi na'urar Litinin da safe, in mayar wa Mma ɗarinta ta hannun Auta, domin daga hannuna ba za ta karɓa ba.

Agogon bai shiga durowar ba tukuna. Ɗazu ya girgiza a kan tebur ya nuna taku 9,412, ciki har da na trotro da na yaran da suka yi ta wasa da shi, kuma sai da na tsinci kaina na ɗaura shi na fita tsakar gida cikin duhu ina kewaya randa don in cika dubu goma. A zagaye na huɗu Mma ta yi gyaran murya daga ɗakinta ta tambaya wane ne, na ce ni ne, ruwa na fito sha. Yaya ya kira sau biyu tun bayan isha'i, ban ɗaga ba.